Ajin Baƙi da Burin Yaro: Tarihin Ware Ɗalibai a Arewa, Daga Sabon Gari Zuwa Runka

1.0 Gabatarwa

Kalmar buri, wadda mutanen Katsina da Sakkwato kan ce guri, tana nufin abin da zuciya ta ƙudura za ta cim masa, tana kuma hangen hanyar isa gare shi. Wannan hange shi ya raba buri da mafarki. Yaro kuwa ba ya ƙago buri daga sama. Yana ɗinka shi ne daga abin da idonsa ya gani: wansa da ya wuce sakandare, ko abokin zamansa a benci wanda ubansa malamin asibiti ne, ko malamin aji wanda aka ce shi ma ɗan ƙauyen nan ne.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata al'ada da ta daɗe a tsarin ilmin boko na Arewacin Nijeriya, watau al'adar keɓe wa 'ya'yan baƙi da 'ya'yan masu ƙaura makarantarsu dabam. Za a fara da tsarin da Turawa suka kafa, a dubi makarantun Sabon Gari, sa'an nan a gangaro ƙasar Ruma da Safana, inda garin Runka yake, don a ga yadda abin ya kasance ga 'ya'yan makiyaya. Abin da ake son nunawa shi ne, makarantar da aka ware tana faɗaɗa burin yaro ko ta taƙaita shi gwargwadon ƙofar da ta buɗe masa zuwa gaba, kuma ko da ta buɗe, rashin zama tare yana barin wani miki da ke daɗewa bai warke ba.

2.0 Tushen Rarrabewa a Zamanin Turawa

Ilmin boko na gwamnati ya shigo Arewa a rarrabe tun ranar farko. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, ya kasa ta sassa: na 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na elementare, da na koyon sana'ar hannu. Kowane sashe an riga an yanke masa inda zai tsaya. Ɗan sarki ana shirya shi don mulki, malami don aikin En'e da karantarwa, mai sana'a don sassaƙa da ƙira da dukanci. Ashe ke nan tun kafin yaro ya iya baƙi da wasali an auna masa tsawon burinsa.

Duk da haka akwai wurin da bangon ya tsage. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a shekarar 1922, ta tara samari daga lardunan Arewa a ɗaki guda, da 'ya'yan sarauta da waɗanda ba su gaji sarauta ba. Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ba ɗan gidan sarauta ba ne, amma tukunya guda ta dafa su, kuma ɗayansu ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Wannan ya isa shaida a kan abin da zama tare yake yi wa burin ɗan talaka. Sai dai ita ma kwalejin tana da nata shingen, domin an kafa ta ne don Musulmin Arewa. Waɗanda ba Musulmi ba aka yi musu tasu makarantar horon malamai a Toro, cikin lardin Bauci, a ƙarshen shekarun 1920.

3.0 Makarantun Sabon Gari

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, ya kuma zo da mutanen da ba a saba gani ba: akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da Gwalkwas wadda ta zama Gana. A shekarar 1913 aka yanka musu unguwarsu a wajen ganuwa, aka kira ta Sabon Gari, aka kuma fitar da ita daga ikon Sarki. Haka aka yi a Zariya. Turawa sun ɗaukar wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita aikin 'yan mishan a cikin birane. Ko Dokta Walter Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya sai da aka mayar da aikin mishan ɗinsa Wusasa wajen 1929.

Sakamakon wannan shi ne aka sami makarantu iri biyu a gari guda. Ɗan birni, in ma ya shiga boko, yana elementaren En'e, ana karantar da shi da Hausa, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke samun gurbi a makarantar midil. Ɗan baƙo kuwa yana makarantar coci a Sabon Gari, ko wadda ƙungiyar ƙabilarsu ta gina, ana karantar da shi da Turanci tun da wuri.

Abin lura a nan shi ne, ware ɗan Sabon Gari bai kashe masa buri ba. Dalili kuwa a fili yake. Makarantarsa tana haɗe da wani dogon tsani wanda ya kai har kwalejojin Ikko da Ibadan da Anaca. Ubansa akawu ne ko ma'aikacin waya, malaminsa ɗan garinsu ne, takardar shaidar da zai samu kuma kamfanonin Turawa da ofisoshin gwamnati suna jiran ta. An ware shi a wuri, amma ba a datse masa hanya ba.

Hasarar ta ɓullo ta wata fuska. Yara biyu sun tashi a gari ɗaya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ba su taɓa haɗa benci ba. Da suka girma sai suka haɗu a ƙofar ofis, ɗaya yana riƙe da alƙalami, ɗaya yana neman a rubuta masa. Tarzomar Kano ta watan Mayu 1953, wadda aka gwabza tsakanin mutanen birni da Fage da na Sabon Gari, tana da dalilanta na siyasa, haka ma rikicin 1966. Amma duk wanda ya nazarci waɗannan fitinu ya san sun sami ƙasa mai taushi ne a tsakanin jama'ar da aka raba su tun suna yara.

4.0 Ƙasar Ruma da 'Ya'yan Makiyaya

Baƙon Sabon Gari jirgi ya kawo shi. Akwai kuma wani wanda tsarin makaranta ya ɗauke shi baƙo alhali kakanninsa sun daɗe a ƙasar, watau makiyayi. Don ganin nasa labarin sai mu nufi yammacin Katsina.

Runka gari ne a ƙaramar hukumar Safana, a bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe ta iyakar Katsina da Zamfara. Safana ita ce mazaunin Yariman Katsina, Batsari kuwa mazaunin Sarkin Ruma, ƙasar da sunan jarumi Ɗanwaire ya shahara a cikinta a ƙarni na 19. Yanki ne na noma da kiwo, inda Hausawa manoma da Fulani makiyaya suka yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: makiyayi ya zauna a gonar manomi da kaka shanu su ci kara su bar taki, matar ruga ta kawo nono da man shanu kasuwa ta koma da gero.

Hulɗar makiyayi da hukuma a zamanin En'e ta jangali ce. Abin da ya sani game da mai littafi da alƙalami shi ne ya zo ƙidayar shanu. A wancan zamani kuwa ɗaukar yara makaranta ta hannun hakimai da dagatai ake yi, sau da yawa da tilas, har manoman ma suna ɓoye 'ya'yansu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne makiyayi ya ɗauki rubuta sunan yaro a rajista a matsayin wata ƙidayar. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ta yi shelar soke haraji da jangali.

A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon hukumar agaji ta Amurka, ta mayar da dajin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya ta musamman, ɗaya daga cikin na farko a ƙasar nan, kuma a 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo. An yi madatsun ruwa, an gwada shuka ciyawa, an kawo aikin likitan dabbobi, da nufin makiyaya su zauna wuri guda. Hankalin wannan shiri ya fi karkata ga saniya. Da yawa daga cikin Fulanin wannan yanki kuwa sun riga sun zama mazauna: gida na nan, tsofaffi da mata da ƙananan yara na nan, ana ɗan noma, samari ne ke tafiya da garke mashekari idan rani ya tsananta. Wannan batu yana da muhimmanci, za a kuma dawo kansa.

Shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba 1976, ya kai makarantu ƙauyuka masu yawa. Amma makarantar tana cikin gari, ruga tana bayan gari, lokacin shiga aji shi ne lokacin tatsa da sakin shanu, kuma yaron da ya daure ya zo yakan sha ba'a a kan tufafinsa da kitsonsa da Hausarsa. Kaɗan ne suka shiga, kaɗan daga cikin kaɗan ɗin suka gama.

5.0 Makarantun Makiyaya

Don toshe wannan giɓi ne gwamnatin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilmi, ta fara shirin ilmantar da makiyaya a 1986. A watan Disamba 1989 aka yi Doka ta 41 wadda ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna. An ɗora wa jami'o'i uku aiki: Jos bincike, Sakkwato tsara manhaja, Maiduguri horon malamai. Daga baya aka shigar da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Ƙididdigar hukumar ta nuna cewa a 1990 akwai makarantu 329 da ɗalibai 18,831, kuma adadin ya yi ta hauhawa a shekarun da suka biyo baya. An ƙago azuzuwan tafi-da-gidanka, an sassauta lokacin karatu, an wallafa littattafai da Fulatanci, an kuma yi shirin rediyo mai suna Don Makiyaya a Ruga a gidan rediyon tarayya na Kaduna.

Adalci ne a faɗi cewa wannan shiri ya kai allo da alli wuraren da ba su taɓa zuwa ba, kuma akwai 'ya'yan ruga da suka fara daga nan suka kai jami'a. Amma idan aka gwada shi da makarantar Sabon Gari za a ga bambanci ta fuskoki huɗu, kowace kuma tana taɓa burin yaro kai tsaye.

Ta farko ita ce abokin zama. Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ajin da kowane yaro ubansa makiyayi ne, wansa makiyayi ne, babu wanda zai zo ran Litinin da labarin yayarsa da ta tafi makarantar ungozoma. Kiwo sana'a ce mai daraja da dukiya, amma yaron da ita kaɗai ya gani bai zaɓe ta ba, tarar da ita ya yi. Binciken da James Coleman ya jagoranta a Amurka, wanda aka fitar a 1966, ya gano cewa irin yaran da ɗalibi yake zaune da su a aji yana tasiri a kan ƙoƙarinsa, musamman idan ɗan marasa galihu ne.

Ta biyu ita ce malami. A tsarin shirin, hukumar tarayya tana tallafawa ne, amma ɗaukar malamai da biyansu yana wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Makarantar da ke nesa da titi, ba gidan malami, ba rijiya, ita ce ta ƙarshe da ƙwararren malami zai so a tura shi. Wanda aka tura sau da yawa ba ya jin Fulatanci, bai kuma taso a ruga ba, don haka yaro ba ya ganin kansa a jikin malaminsa.

Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce tsani. Makarantar makiyaya firamare ce. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, amma sakandaren tana cikin gari. Ke nan yaron da aka raba shi da 'yan gari shekara shida, a ranar da ya gama sai a ce ya je ya zauna a tsakiyarsu, a lokacin da ƙarfinsa ya kai na bin garke, yarinya kuma ana maganar aurenta. Uban da ya ga na farko ya gama aji shida ya dawo bai sami aiki ba, bai kuma ƙware a kiwo kamar tsararrakinsa ba, da wuya ya ba da na biyu.

Ta huɗu ita ce suna. Allon da ke ƙofar makaranta yana gaya wa yaro ko shi wane ne a idon hukuma. A nan ne batun da aka ambata a baya yake dawowa: yaron da aka haifa a gefen Runka, uwarsa na cin kasuwar garin kowane mako, gidansu bai gusa ba shekara talatin, idan aka sa shi a makarantar masu yawo an tabbatar masa cewa shi baƙo ne. Kotun Ƙolin Amurka ta dogara da irin wannan hujja a shari'ar Brown ta 1954, inda ta yanke cewa raba yara a makaranta saboda launin fata yana dasa musu jin ƙasƙanci ko da gine-ginen sun yi daidai. Halin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, domin a nan niyyar taimako ce ta kawo rabuwar, amma zuciyar yaro ba ta karanta niyya, abin da ta gani take ɗauka.

Irin wannan hanya aka sake bi da almajirai, waɗanda su ma yara ne masu ƙaura. A watan Afrilu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka kuma gina fiye da ɗari irinta a jihohi. Ba a daɗe ba da yawa daga cikinsu suka zama kufai, saboda ba a ɗaura su a jikin tsarin makarantun jihohi yadda ya kamata ba.

6.0 Wani Misali Daga Iran

Mai karatu zai iya cewa, to, da a bar ɗan ruga ba makaranta gara a kai masa tasa. Wannan magana gaskiya ce, kuma akwai ƙasar da ta nuna yadda za a yi hakan ba tare da an toshe gaba ba. A Iran, daga shekarun 1950, Muhammad Bahmanbeigi, wanda shi kansa ɗan makiyayan Ƙashƙa'i ne, ya kafa makarantun tanti masu bin ƙabilu duk inda suka yi ƙaura. Abin da ya raba aikinsa da namu abu biyu ne. Ya buɗe makarantar horon malamai a birnin Shiraz, yana ɗauko samari da 'yan mata daga cikin makiyayan kansu ya horar da su ya mayar da su ga danginsu. Ya kuma buɗe sakandaren kwana a birnin don waɗanda suka yi fice. Ta haka yaron tanti yana ganin ɗan'uwansa a gaban allo, yana kuma sane da matakin da ke gaba da nasa. Daga waɗannan tantuna aka sami likitoci da injiniyoyi da alƙalai.

7.0 Halin da Yankin Ya Shiga

A cikin shekaru goma da suka wuce zaman cuɗanya na ƙasar Ruma da Safana ya wargaje. Dalilan suna da yawa: cinye burtali da makiyaya da gonaki, satar shanu, zaluncin da makiyaya suka daɗe suna kuka da shi wajen shari'a da tara, ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, da kwararowar makamai. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An rufe makarantun ƙauyuka da dama, wasu azuzuwa sun zama masaukin 'yan gudun hijira, iyalai sun watsu zuwa Batsari da Dutsin-ma da birnin Katsina, wasu har Maraɗi. Ɗan manomi shi ma ya zama mai ƙaura, ya zama baƙo a makarantar wani gari.

Ba za a ce rashin haɗa aji ne ya haifi wannan masifa ba. Abin da za a iya cewa shi ne, samarin da suka ɗauki bindiga a daji da waɗanda suka ɗauki tasu a gari tsararrakin juna ne, ƙasa ɗaya ta haife su, kuma mafi yawansu ba su da wani abokin makaranta a ɗaya ɓangaren da za su ji nauyinsa. Darasin Sabon Gari ne ya sake dawowa da wata riga. A shekarar 2025 al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, sun yi zaman sulhu da masu ɗauke da makamai, kuma makaranta tana cikin abubuwan da aka riƙa ambata a irin waɗannan zama. Saboda haka tambayar wace irin makaranta za a gina ta zama ta gaggawa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin ware ɗalibai daga Nasarawa zuwa Sabon Gari, daga nan zuwa rugagen Runka. An ga cewa inda makarantar baƙi take da tsani da malami ɗan gida, burin yara ya yi tsawo, inda babu su kuwa ya tsaya a aji shida ko ƙasa da haka. An kuma ga cewa a duka halayen biyu jama'a ta biya kuɗin rashin sanin juna.

Abin da tarihin yake nunawa a yi ba mai wuyar fahimta ba ne. Ƙananan azuzuwa, daga ɗaya zuwa uku, su kasance kusa da ruga, a karantar da harshen uwa kamar yadda manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanada, amma a ɗauke su reshen firamaren gari, da sunanta da shugabanta da rajistarta. Daga aji huɗu a haɗa yaran a ɗaki guda. A keɓe wa 'ya'yan makiyaya gurabe a sakandaren kwana da kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-ma, da sharaɗin su koma su karantar a yankunansu. 'Ya'yan 'yan gudun hijira kuma a zuba su cikin azuzuwan garin da suka sauka, kada a yi musu nasu a gefe. A ƙarshe, hukumomin ilmi su daina auna nasara da yawan sunayen da aka rubuta a aji ɗaya, su riƙa bayyana yara nawa daga ruga suka shiga sakandare kowace shekara, domin wannan adadi ne zai nuna ko ƙofar a buɗe take.